Ta Beljiyam Da Ta Italiya

"Lafiya lau, ya ruwa? To madalla. Wannan tsohon bawan namu yana da sauran numfashi, ko in wuce maƙabarta in gaishe shi?"

Da haka Hajiya Lariya ta ƙarasa gaisuwarta tun daga bakin ƙofa, tana kakkaɓe lemarta. Alhaji Amidu yana kishingiɗe a kujerarsa ta baranda, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce yana nan daram, kuma ba zai mutu ba sai ya ga ranar da za ta shiga gidan mutane da sallama irin ta masu tarbiyya.

Taubasai ne. Uwar Alhaji Amidu da uban Hajiya Lariya ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yara take kiransa bawan gidansu, shi kuma daga baya ya laƙaba mata mai warin shanu, saboda ta yi shekaru tana fataucin shanu daga Paga zuwa Kumasi. Shi tsohon ɗan sanda ne. Kowannensu yana da ƙaramar bindiga mai lasin, tasa ƙirar Beljiyam, tata ƙirar Italiya, kuma duk dangi sun san ba a haɗa su a tabarma ɗaya ba tare da an tayar da wannan gardama ba. Ko a gidan suna, ko a zaman makoki.

Barkisu, jikar Alhaji Amidu, tana zaune a dokin ƙofar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Bara ta gama karatun harhaɗa magunguna a jami'a, babanta ya damƙa mata kemis ɗin gida da ke bakin titi, nan Asokore Mampong a gefen Kumasi. Amma tun ranar da abin ya faru ba ta ƙara taka wajen ƙofar gidan ba. Da la'asar ne, ido na ganin ido, mutum biyu suka tsaya a kan babur. Ɗaya ya shigo kamar mai neman maganin ciwon kai, sai kawai ta ji sanyin ƙarfe a goshinta. Ya ce ta miƙo waya da abin da ke cikin durowa. Har yau idan ta rufe ido tana jin warin gumin hannunsa. Abin da ta iya tunawa bayan nan shi ne kakanta tsaye a bakin kemis, daga shi sai singileti, ruwan alwala yana ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya riƙe ta Beljiyam da hannu biyu. Da yaren Tuwi ya yi musu magana, a hankali, da muryar nan ta caji ofis, ya ce su ajiye wayar yarinya su kama hanya. Suka ajiye, suka kama hanya.

Tun daga ranar kemis yake a rufe. Ko babur ne ya wuce a lungu sai kofin shayi ya faɗi daga hannunta. Babanta ya yi haƙuri har ya gaji, jiya ya ce idan makon nan ya ƙare ba ta buɗe ba, zai ba ƙanensa Zuberu shagon ya zuba wayoyi. Ita kuma ta ce ba za ta koma ba sai da bindigar kanta a cikin durowa.

Wannan magana ce ta taso Hajiya Lariya daga unguwarsu ta Dichemso cikin ruwan sama. Ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafa, ta ce ta ji labari an sami sabuwar mai saye a dangi, shi ya sa ta yi sauri kafin tsoho ya ɓatar da yarinya. Ta dubi Barkisu ta ce kada ta yarda a ɗora mata wannan taɓaryar, mutum sai ya ci fufu ya ƙoshi kafin ya iya ɗaga ta.

Alhaji Amidu ya tashi zaune. Ya ce nauyi shi ne mutuncin ƙarfe, kuma bindigar da mace za ta jefa a jaka tare da kwalli da turare ba bindiga ba ce, kayan lefe ne.

"Mutanen Italiya takalmi suka iya," in ji shi. "Ki je ki tambaya a kasuwar Kejetia."

"Naka mutanen fa? Su sayi kokon Ghana su narkar, su yi wa yara alewar cakulan. A hannun masu alewa ka sayi makami."

Ya ce tasa ta ga mulkin soja ta ga na farar hula, ba ta taɓa yin tsatsa ba. Ta ce ai shi ma ya ga duka biyun, ga shi kuwa tsatsa ta cinye shi har gwiwa. Ya ce tata idan ta yi ƙara kamar an fasa ledar ruwa ne, ɓarawo sai ya tsaya ya tambayi wa ya yi atishawa. Ta ce tasa sai an shafa mata mai, an yi mata fifita, an lallashe ta kamar jaririn wata bakwai, sannan ta yarda ta fito daga tsumma.

Barkisu tana jin su sama-sama. Da can irin wannan faɗan nasu shi ne abin da ta fi so a duniya, har takan zuga su da gangan. Yau idonta yana kan ƙofar gida, tana duba ko an sa sakata.

Alhaji Amidu ya lura. Sai ya ƙara ɗaga murya, ya ce amaryarsa Barkisu ta zauna shaida, ita ta gani da idonta. Ya tambayi ina ta Italiya take a ranar da aka zo ɗaukar masa mata ba sadaki. Hajiya Lariya ta ce tana cikin akwati a Dichemso, inda ya kamata kayan daraja su zauna. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce to shi ke nan, gardamar shekara da shekaru ta ƙare, ɓarayi da kansu sun yanke hukunci. Daɗin nasara ya ɗebe shi, ya ɗaga yatsa ya nuna sama.

"Albarkacin alwalar da ke jikina suka ci. Da na taɓa kunamar nan, da yanzu ana karɓar gaisuwa a gida biyu."

"Ka taɓa kunama ka harba me? Ƙosai?"

Tsohon ya yi tari. Ya ce a kawo wa baƙuwa shayi, ruwan sama ya shiga kanta. Amma Hajiya Lariya ta riga ta hau, kuma ba a taɓa sauke ta da shayi ba. Ta juya ga Barkisu tana lissafa da hannu. Ta ce a watan cika-ciki da ya wuce, lokacin da taubashi ke ƙwace abin taubashinsa sai an fansa, wasu hula suke ɗauka, wasu takalmi, ita kuwa ta shiga ɗakinsa yana masallaci ta kwashe harsasansa kaf, har da waɗanda ke cikin bindigar. Ta ce ya kawo goro ya fanshi kayansa. Shi kuma girman kai ya hana shi, ya ce ba zai sayi abinsa a hannun mai warin shanu ba. Suna nan a gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta. Kuma ba don goro ta ɗauka ba, ta ce, don ta gan shi da idonta ya tsaya ya yi wa turken lantarki sallama har yana tambayarsa iyali. Mutumin da yanar ido ta rufe wa gani haka, a bar masa harsashi, ai wata rana liman zai harba.

Ta kai ƙarshen maganar tana jiran dariya. Babu wanda ya yi.

Barkisu ta ji sanyin nan ya dawo goshinta, daidai inda ƙarfen ya taɓa. Ta sake ganin kemis ɗin kamar yanzu: mutumin da bindiga mai harsashi, ɗan'uwansa a kan babur injin yana kunne, da tsoho mai singileti riƙe da ƙarfen da babu komai a cikinsa. Duk kwanakin nan abin da take gaya wa kanta shi ne bindiga ce ta cece ta, don haka bindiga za ta nema.

"Kaka, ka san babu komai a ciki?"

Ya gyara zaman hularsa. Ya ce abin da mutum ya riƙe tun kafin a haifi babanta, nauyinsa kaɗai ya isa ya gaya masa.

"To me ya fito da kai?"

Ya buɗe baki zai ce wani abin wasa, ta ga alamarsa a gefen leɓensa, sai ya fasa.

"Muryarki na ji," ya ce.

Ruwan ya ɗan tsagaita, ana jin ɗigarsa daga kwano zuwa cikin bokiti. Hajiya Lariya ta ja bakin mayafinta ta goge hanci. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, tun ranar da aka buga mata waya ba ta iya kallon gwangwanin nan ba. Da an harbe wannan tsohon banza, da wa za ta riƙa zagi? Ta ce ta yi sadakar koko da ƙosai a ƙofar masallacinsu, kuma duk sallar da ta yi sai ta gode wa Allah da ya rufe idon ɓarayi, ya bar mata bawanta da jikarsa.

Barkisu ta taso daga dokin ƙofa ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Ta kama hannunsa ta riƙe. Hannun duk jijiya, da tabon tsohuwar ƙuna a bayan babban yatsa. Ta so ta yi godiya, kalmar ta yi mata ƙanƙanta a baki. Sai ta ce Allah ya bar mata shi. Ya ce amin, amma ta sassauta riƙon, kada ta karya hannun da ya kori 'yan fashi.

Shi ne ya fara dawo da wasan, don ba ya son ganin hawaye a barandarsa. Ya ce tunda yau ranar tonon asiri ce, mai warin shanu ta faɗa wa yarinya sau nawa ta taɓa harba ta Italiya. Hajiya Lariya ta ce wannan ba maganar yara ba ce. Ya ce to shi zai faɗa. Sau ɗaya ne tak, a hanyar Tamale, ta ga duhun wani abu a gefen titi ta harba sama. Ashe jaki ne. Shanun da ke bayan mota suka firgita suka ɓalle katako, aka wuni ana bin su a gonar mutane.

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Barkisu ta hanci, irin wadda ba a shirya mata ba. Tsofaffin biyu suka yi kamar ba su ji ba.

Hajiya Lariya ta ce jakin nan da mugun nufi ya tsaya, amma ba za ta ja ba. Ta kwance haɓar zaninta tana ƙunƙuni.

"Na yarda, ta Beljiyam ta ci wannan karon. Bindigar da ke aiki da yunwa, ba a raina ta. Ni da na ce a kawo min goro, yau ni zan saya."

Ya ce a rubuta wannan rana a bango. Ya tambayi harsasansa fa. Ta ce suna nan a gwangwani har ranar da ya je asibiti aka cire masa yanar ido, kuma ko a ranar sai ya bambance mata liman da turke.

Sai maganar wanda zai sayo goron ta taso. Hajiya Lariya ta ce gwiwarta ba za ta sake taka laka ba. Alhaji Amidu ya ce shi ba a aiken wanda ya yi nasara. Duk gidan an san mai goro ɗaya ce a kusa, Azumi, kuma tirenta yana jingine ne da bangon kemis. Babu wanda ya dubi Barkisu. Ɗaya yana duba farcensa, ɗaya tana gyara ɗaurin kallabi.

Barkisu ta dubi ƙofar gida. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi, ta karɓi kuɗin goro. A jikin ƙusar da ke bayan ƙofa makullin kemis yana rataye inda ta bar shi. Ta tsaya a gabansa kaɗan, sannan ta zare shi.

Alhaji Amidu ya laluba sandarsa ya tashi, ya ce ba zai bar amarya ta fita ita kaɗai ba, samarin unguwar nan ba su da kunya. Ta tambaye shi ko zai ɗauko ta Beljiyam. Ya ce a bar ta ta huta, ta yi aikin shekara.

Ta zare sakata da kanta. Lungun ya jiƙe, yana warin ƙasa da hayaƙin masu suyar kifi. Wani babur ya wuce ta bakin titi, ƙafarta ta tsaya cak, yatsunta suka nutse a damtsen tsohon. Ya jira har ta sake ɗaga ƙafa.

Daga cikin gida Hajiya Lariya ta ɗaga murya ta ce a zaɓo mata fari, manya, kuma a riƙe tsoho da kyau.

Da suka iso bakin titi, Alhaji Amidu ya saki hannun jikarsa, ya je gaban turken lantarkin da ke kusa da kemis, ya gyara tsayuwa, ya yi masa sallama da ƙarfi yadda za a ji har baranda. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya ce a gaida mutanen Dichemso.

Barkisu tana dariya, hawaye yana zuba, makullin ya ƙi shiga. Ta sa hannu biyu, kamar yadda ta ga ya riƙe tasa ranar nan, ta murɗa. Kwaɗon ya buɗe.