Yadda Za Ka Hana Kakarka Mutuwa Har Gidan Gwamnati Ya Fito

Ɗan'uwana mai zaman tsohuwar haya mai araha a unguwar Shubra ta birnin Alƙahira, share hawayenka. Na san damuwarka: hayar da sunan kakarka take, ita ma wajen mijinta ta gada, kuma ranar da ta cika, katifarka za ta bi makararta waje. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mai fitar da kai. A kan kakata, Teta Fatahiyya, na gwada, ga ta nan daram.

Mataki na 1: Sanar da ita

Tsofaffi akwai son kai. Tamu kullum cewa take, "Na gaji, Allah Ka ɗauke ni in huta." Zauna ka fahimtar da ita cikin ladabi: "Teta, ba yanzu ba. Bari gidan da muka nema wajen gwamnati ya fito tukuna." In ta ce, "Ɗan banza, ni kake so ko barandar?" sumbaci hannunta ka yi shiru. Tarko ne.

Mataki na 2: Raba ta da ƙasa

A bincikena, matakala ta fi hawan jini kashe 'yan haya. Kwandon nan da take zurawa da igiya daga baranda, mai sayar da wake ya saka mata karin kumallo, shi ne ƙafarta daga yau. Biki ba ta zuwa. Gidan makoki kuwa kul, kada ta ga yadda ake yi abin ya ba ta sha'awa.

Mataki na 3: Sa wa mai gida ido

Namu, Hajji Mitwalli, so yake ya rushe ginin ya ɗora dogon bene. Kowace safiya yana hawowa yana haki: "Yaya jikin Hajiya?" Dubi yadda idonsa ke ƙyalli! Ka ce, "Alhamdulillahi, jiya ma ita ta ɗaga mana firij." In ta soma tari daga ɗaki, yi naka da ƙarfi ka danne nata.

Mataki na 4: Cinye kyautarsa

Ranar bikin bazara zai aiko da fisik, ruɓaɓɓen kifin gishirin nan da duk shekara yake kwantar da ƙarti. Mai aika wa tsohuwa fisik ba zumunci yake nema ba. Ku cinye shi tas a gabanta, ko tana roƙon, "Ko kan ne ku ba ni, marasa imani!" Matata Shadiya ta yi jinya a kan wannan, amma da sauƙi, ita babu sunanta a hayar.

Mataki na 5: Gida na fitowa, tattara

Namu ya fito can cikin hamada, inda direba ke sauke ka ya yi maka addu'a. Teta ta ce ba ta zuwa, kuma gaskiya ba mu matsa ba. Ka yi mata sallama mai kyau. Ni cewa na yi, "Teta, mun gode. Yanzu kuma duk lokacin da kika shirya."

Mataki na 6: Kada ka kai ziyarar ba-zata

Ni na kai, bayan an kwana biyu. Na tarar da ita a baranda da Hajji Mitwalli, fisik a tsakaninsu, tana lashe yatsu, shi yana cire mata ƙaya. Raina ya ɓaci. Na ja ta gefe na ce, "Teta, mutumin nan fa mutuwarki yake jira!"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma shi a nan yake jira, kusa da ni. In ka fita ka ja mana ƙofa."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon ciki, ko sammaci, ko abin da zai tokare maka maƙogwaro a motar komawa hamada. Nawa dai Shadiya ta ce ƙayar kifi ce, ko da yake ba a ce mini bisimilla ba.