Rasuwar Zabo, Jirgin da Na Ƙera a Gareji

Da zuciya cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Zabo, ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a wata gonar masara da ke bayan filin jirgi.

An haifi marigayin a garejina, tsakanin injinan ban ruwa da nake gyarawa. Shekaru na yi ina walda masa haƙarƙari. Maƙwabta ne suka raɗa masa suna, wai tashinsa ba zai wuce kan katanga ba, ya kuwa ba su kunya. Ya kasance mai haƙuri, ba ya shan mai fiye da ƙima. Aibinsa ɗaya, in gari ya yi sanyi sai an lallashe shi.

A kansa 'yata Auta take koyon tuƙi, a hannun wani tsohon matuƙi da muke kira Kyaftin. Ranar ce karon farko da ya sake ta ta tashi ita kaɗai. Mahaifiyarta ta ƙi zuwa.

Jinyar gajeriya ce. Zabo ya tashi lafiya yana gurnanin nan nasa, dirrr, har ya fara kewayowa. Sai ya yi tari. Ya sake yi. Sai shiru. Allah kada ya nuna wa kowa shirun inji a sama alhali ɗansa na ciki.

Kyaftin ya ɗaga rediyo, muryarsa kamar mai tambayar lafiyar gida. Ya ce ta sunkuyar da hancin jirgin, kada ta kuskura ta juyo fili don ba za ta kawo ba, ta nemi wuri a gabanta. Ta ce akwai wayoyin lantarki, bayansu gona. Sannan ta ce, "Kyaftin, Baba yana kusa da kai?"

"Yana nan. Ki dubi gonar."

Na ga Zabo yana gangarowa ba sauti. Ya tsallake wayoyin da ƙyar, bishiyoyi suka rufe mana shi. Ƙarar da ta biyo baya ba zan kwaikwaye ta a nan ba.

Ban san lokacin da na haura shinge ba. Mun tarar ya kafa hanci a rami, fiffike ɗaya ya karye, mai na ɗiga kusa da inji mai zafi, ƙofa kuma ta cije. Da fartanyar mai gonar muka ɓalle ta. Idon Auta a rufe, amma tana numfashi. Ƙarfen da ke kewaye da kujerarta ya lanƙwashe, bai saki ba. Wannan shaidar zan yi wa marigayin har abada: ya karɓi dukan, ya bar mini 'yata.

Ya rasu ya bar farfela a tsage, tayoyi biyu, da ni. Auta na asibiti. An yi mata aiki, likita ya ce sai an ga yadda jini ke gudana kafin ya san ko ƙafar hagun za ta tsira. Mahaifiyarta na bakin gadon, tun ranar ba ta ce mini ci kanka ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, da zarar masu bincike sun gama duba gawar. Za a ɗauke shi daga gareji zuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe, bisa umarnin uwargida, wadda ta aiko cewa ko noti ɗaya kada ya kwana a gidan. Babu zaman makoki, addu'a muke roƙo ga ƙafar yarinyar.

Sai dai jiya, da uwarta ta fita alwala, Auta ta jawo hannuna ta raɗa mini, "Baba, kada ka ba su injin. Ina so in san abin da ya kashe shi."

Saboda haka duk wanda ya zo rakiya ya ji makarar ba nauyi, don girman Allah ya yi shiru.