Wandon Da Ya Yi Wa Direba Yawa

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata mini safiya," in ji Tela, bai ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba.

Direba ɗan goggonsa ne, abokin wasansa tun suna yawo ba wando. Yau gemun kowa ya yi fari, amma ba a taɓa jin sun yi maganar hankali ba. Direba ya shigo da leda a hammata, ya ture tarin yadi, ya lallaɓa ya zauna a benci.

"Kai dai har ka mutu ba za ka iya gaida manya ba. Ungo, rage mini ƙugu."

Tela ya zazzage ledar. Wanduna ne, duk ɗinkinsa.

"Na wa ka sato? Mai waɗannan ƙato ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki."

"Ɗinkinka ne ya buɗe. Wanda ya koya maka aiki ai buhu yake ɗinkawa."

"Tashi in gwada ka. Ko matarka ta gaji da yawan cinka ta kife tukunya?"

Tela ya zagaya ƙugunsa da tef. Awon Direba a ka yake riƙe da shi, bai taɓa rubutawa ba. Ya duba, ya saki, ya sake zagayawa. Sai a lokacin ya ga wuyan riga yana lilo, ya ga an huda wa bel sababbin ramuka da ƙusa.

"Tef ɗin nan ya lalace."

"Tef lafiyarsa ƙalau. Ciwon daji ne."

"Allah ya shirye ka, har da wannan kake wasa?"

"Wallahi." Direba bai yi dariya ba. "Wani ƙullutu ne da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara. Fitsarin nan da kake cewa ina shayar da kowace bishiya a hanya, ashe shi ne. Ya riga ya taɓa ƙashin baya. Likita ya ce da an gani da wuri, da an cire ko an gasa shi. Yanzu sai allura, a riƙe shi kada ya yi gaba."

Da wuri! Tela ya ajiye tef. Ya tuna shekarar da ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a tasha suna gwada maza kyauta. Direba na kan layi, ya naɗe hannun riga, Tela kuma ya zo wucewa ya kwaɗa ihu: "Jama'a, ku zo ku ga ƙato zai tuɓe wando a bayan labule! Kana fitowa in ɗinka maka zani!" Tasha ta kwashe da dariya. Direba ya bar layi ya bi shi da gudu, bai koma ba. Shekara da shekaru Tela yana ba da labarin nan yana riƙe ciki. Yau kuwa da-na-sani ya kama shi.

"Ɗan goggo, ranar nan a tasha…"

"Rufe mini baki. Ƙafata ce ta fita daga layi, ba taka ba. Kuma cire wannan fuskar ta'aziyya, dama can ba kyau gare ka ba. Amma tara zan ci ka."

"Faɗi."

"Maƙwabcinka ya ce ka fi zama a bayan shago da buta fiye da kan keke."

"Shayi ne."

"Ni ma shayin na ce. Gobe ranar allurata ce. Ka raka ni, a ɗebi jininka."

"Jini kawai?"

"Da jini ake farawa. In likita ya ce bayan labule, ka shiga. Ni da na guje wa labule ɗaya, yanzu har ɗaliban asibiti sun san ni ciki da waje."

Tela ya rage murya. "In aka samu fa? An ce aikin tiyatar yana raba mutum da shimfiɗar iyalinsa."

"An ce! Ka tambayi likita mana, ko bakin na zagina ne kawai? Wani ma ba a taɓa shi, ido ake sa masa. Ni dai kada ka biyo ni da wuri, ka bari in huta da surutunka."

Tela ya yi dariya, idonsa ya cika taf.

"Ka ci ni. Zan je."

"Ka taho da zanin nan, ni zan tsaya a bakin layi in tara maka jama'a."

Tela ya ɗauki almakashi, ya auna ƙugun wando, sai ya mayar da almakashin kan tebur. Ya ninke rarar ciki, ya bi ta da keke.

"Kai, ba ka yanke ba?"

"Ban yanke ba. Ranar da tumbin ya dawo, ka kawo in warware."