Ranar Da Na Gyara Wa Surukina Na'urar Faifai

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Bakura ba. Har yau in ta faɗo mini a rai ina kan babur, sai na rage gudu na yi salati.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren ƙauye a yankin Maradun, amma a Talata Mafara nake zaune. Na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata uku, tun daga nan kaina ya kumbura. Abokan aiki suka laƙaba mini Injiniya (su da zolaya suke yi, ni kuwa na karɓa hannu biyu).

A lokacin matata Saratu ta haifi ɗanmu na fari, ta tafi wanka gidansu a Bakura. Kwana arba'in suka cika, aka shiga hamsin, aka doshi sittin, babu wanda ya ce uffan game da dawowarta. Ni kuma ba ni da bakin tambaya, don mahaifinta, Alhaji Garba, ba mutumin da ake yi wa gaggawa ba ne. Tsohon mai fataucin shanu ne, dogo, mai kwarjini. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce "Awo," sannan maganar ta fito. Shekara biyu da aurenmu ban taɓa ko shan ruwa a gabansa ba.

Wata Asabar na je gaisuwa, na tarar da shi a zaure ya tasa talabijin da na'urar faifai gaba, ransa a ɓace. Bayan mun gama gaisawa, tun daga gajiya da iyali har shanu da damina, sai ya nuna mini wani faifai. Tafsirin yayansa ne, marigayi Malam Sambo, wanda aka ɗauka a azuminsa na ƙarshe. Hoto yana fitowa tas, amma murya ta ƙi. Bakin Malam zai motsa, sai can daga baya kalma ɗaya ta biyo, ta yanke, wata ƙara ta taso kamar ana suyar ƙosai. An gwada faifan a na'urar maƙwabci, lafiya lau. Ashe tasa ce ba ta da lafiya.

"Ehem, ehem. Awo," in ji Alhaji. "Ni dai muryatai nike son ji. Gobe in aika da ita Mafara a duba."

Da na yi shiru da na tsira. Amma sai na ji bakina ya ce, "Haba Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne. A bar mini."

(Gaskiyar magana, ba tausayi kaɗai ba ne. Na yi lissafin cewa in na gyara, farin ciki zai sa ya ce in ɗauki matata.)

Na ɗaure na'urar a bayan babur na kawo gida. Na kwance ta, na hura mata iska, na goge idonta da auduga, na canza waya, na ɗan bubbuga ta yadda ake yi wa rediyo. Kwana biyu ina fama, babu abin da ya canza sai wani ƙaramin noti da ya yi saura, har yau ban san inda ya fito ba.

Ran Talata, da kasuwa ta cika yadda ba wanda zai lura da ni, na nannaɗe ta cikin buhu na kai wa Bulus mai gyaran rediyo. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya jona ta, ya saurara, ya juya ta ya karanta lambar da ke bayanta.

"Malam, ba ido ba ne," ya ce. "Manhajar da ke cikin kanta ce ta tsufa, ba ta gane irin sautin wannan faifan. Afdet take so, a zuba mata sabuwa. Bari in sauko da ita daga intanet, minti goma mun gama."

Na ce a'a, ya dai zuba mini a fulash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ni zan yi da kaina. Ya dube ni ta saman tabarau.

"A nan fa ya fi sauƙi."

"Na sani. A gaban mai ita nake son in yi."

Ya gane, ya yi murmushi, bai tona ni ba. Ya ce to in kiyaye abu biyu. Na farko, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, in ba haka ba na'urar ta mutu ke nan. Na biyu, fulash ɗin ya zama wankakke, babu komai a ciki sai wannan fayil ɗin. Na miƙa masa nawa na ce tambayoyin jarrabawa ne kawai a ciki, ba za su hana komai ba. Ya ɗaga kafaɗa ya zuba.

To ga abin da na manta. Makonni biyu kafin nan, wata ranar Lahadi da rana, kaɗaici ya ishe ni. Na dafa taliya ta dame, na zauna ina kallon ɗaki babu kowa. Sai na ɗauki waya na yi wa Saratu saƙon murya mai tsawo, har da waƙa, ina kiɗa da murfin tukunya. Ta ji ta yi dariya har ta ce jariri ya farka. Da wayata ta cika, sai na kwashe wasu abubuwa na mayar fulash, har da wannan. Na ma sa masa suna "A ji ni", ya hau can saman jeri.

Ran Juma'a na saka farar shaddata, na fesa turare, na nufi Bakura. Na ɗauka ni da Alhaji ne kawai. Ashe ya faɗa wa mutane cewa surukinsa injiniya zai tayar da muryar Malam Sambo bayan an sauko daga masallaci. Zaure ya cika: limamin unguwa, ƙannen Alhaji biyu, da abokan cinikinsa na kara su shida ko bakwai. An aro wata ƙatuwar sifika irin ta biki an jona, an ƙure ta don na nesa su ji. Mata kuma, surukata Hajiya da Saratu da maƙwabta, sun taru a tsakar gida bayan ƙofa.

Na sa aka tayar da janareta don kada wuta ta ci amanata. Na miƙe na yi musu bayani kamar ina gaban allo, har ina cewa na'ura ma kamar ɗalibi ce, sai ana ƙara mata karatu, kuma ba a katse ta sai aiki ya ƙare. Dattijai suna ta gyaɗa kai. Liman ya ce, "Allah shi ƙara basira." Na ce amin da ƙarfi.

Na soka fulash. Wani shuɗin layi ya fito yana tafiya sannu a hankali, kowa ya yi tsit. Ya kai ƙarshe, na'urar ta mutu, ta sake kunna kanta. Rubutun allo gaba ɗaya ya koma na Sinanci. Ina lalube da rimot ina neman inda zan mayar da shi, sai na ji ƙarar murfin tukunya ta cika zaure. Kwal, kwal, kwal. Sannan wata murya, kamar ta ɗan akuyan da aka raba da uwarsa:

"Saratu, Saratuna, taliya ta zama kunu,
Gida ya zama kango, miji ya zama maraya!"

Sauti kuwa ya gyaru. Wallahi ban taɓa jin sauti mai kyau irin wannan ba. Har numfashina ana ji.

Na danna wani maɓalli, ƙara ta ƙaru. Na danna wani, waƙar ta koma farko. Gumi ya tsattsafo mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na yi wuf zan fizge fulash ɗin, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bar shi," ya ce. "Injiniya bai ce a bar aiki shi ƙare ba?"

Na koma na durƙusa. Na san abin da ke tafe, shi ya sa na fara roƙon Allah janareta ya ƙare da mai. Bai ƙare ba. Waƙa ta tsaya, muryata ta ci gaba da magana:

"Ke Saratu, ki tuna wa Baba Alhaji arba'in ɗin nan kwana ne, ba shekara ba. Ko ya ɗauka ke ma turka ce, sai kin yi ƙiba zai fito da ke kasuwa? Ji yadda zai ce." Sai na ji kaina na kumbura murya. "Ehem, ehem. Awo. Ɗiyata ba ta tahiya ko'ina sai tozo ya hito!"

Daga nan sai dariyata ni kaɗai, hehehe, mai tsawo, sannan shiru.

Ban san ko kun taɓa jin shirun da ke da nauyi ba. Liman ya dukufa kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ƙanin Alhaji ɗaya ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa suna rawa. Daga tsakar gida na ji wata tsohuwa ta ce "La'ilaha illallahu," na kuma ji gudun takalmi, wanda daga baya na gane Saratu ce ta ruga ɗaki ta kulle. Ni kuwa ina kallon tabarma ina neman ramin da zan shige.

Alhaji ya gyara zama zai yi magana.

"Ehem, ehem."

Sai ya tsaya cak, don shi da kansa ya ji. Daidai da na cikin sifika, ko ɗigo babu bambanci. Nan zaure ya fashe. Wani dattijo har ya kwanta gefe yana dukan tabarma, liman yana share ido yana istigfari. Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Ya jira suka lafa, sannan ya miƙo mini faifan.

"Sa muna Malam."

Na cire fulash na sa faifai. Malam Sambo ya bayyana zaune kan buzu, ya buɗe baki, murya ta fito tare da bakin, garau, kamar yana cikin zauren. Ya yi bisimilla, ya fara jan baƙi yana fassarawa. Duk wanda ke dariya ya nutsu. Na saci kallon Alhaji, na ga hawaye suna bin gemunsa, bai ko share ba. Awa guda aka yi ana saurare, babu wanda ya dube ni. Wannan ita ce rahamar da na samu a ranar.

Da aka watse na lallaɓa wajen babur, sai aka ce Alhaji na kira. Na koma na zube.

"Baba, a gafarce ni. Sharrin kaɗaici ne."

Ya yi gyaran murya.

"Ka maido min muryar yayana. Wanga ba ni mance shi," ya ce. "Waƙa kuwa, ka riƙe lissahinka, shi Allah ya ba ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Batun ɗiya, dama jibi munka shirya maido ta, an ma gama haɗa kaya. Amma tunda ka ce sai tozo ya hito, a ƙara mata mako biyu."

Haka kuwa aka yi. Mako biyu cur, ko kwana ɗaya bai rage ba. Da ta dawo ta yi kwana uku ba ta iya kallona ba tare da ta fashe da dariya ba. Ni kuma na yi wata huɗu ban taka Bakura ba, sai da Hajiya ta aiko cewa kunya ma tana da iyaka. Har yanzu in na ratsa ta kara, akwai wanda zai ɗago hannu daga cikin shanu ya ce, "Maraya, ya gida?" Sai in amsa da "Lafiya lau," in ƙara wuta.

Abin da na koya dai shi ne, maganar da ba za ka iya faɗa a gaban mutum ba, kada ka ba na'ura ajiyarta. Ita ba ta da suruki, ba ta san kunya ba.