Fiza Mai Yauƙi

Wani bawan Allah ne a Mpape, sana'arsa fasa dutse. Wata safiya ya fito zai tafi aiki, sai ya tarar an shafa wa bangon ɗakinsa jan fenti, masu rusau sun ba da kwana bakwai. Ga ciwon baya, ga ba wurin kwana. Hankalinsa ya tashi. Sai ya nufi Maitama wurin ɗan garinsu Saleh, mai gadi a gidan wata babbar darakta, Hajiya Lubna.

Saleh ya ce, "Kai, ka zo a sa'a! Jiya aka kori kuku. Akwai ɗaki a bayan gida, da fanka, da famfo."

"To ai ni ban iya girki ba."

"Wa ya tambaye ka? Ka ja bakinka ka yi shiru, ni zan yi magana."

Saleh kuwa ya yi magana. Kafin Hajiya ta gama gyara zaman tabarau, mutuminka ya shekara goma sha biyu yana yi wa Turawan Italiya girki a Legas. Shi kuwa gogan yana tsaye yana gyaɗa kai, mutumin da ko ruwan shayi ya ɗora sai tukunya ta ƙone.

Hajiya ta ce, "Madalla. Gobe ƙawayena za su zo cin abincin rana. Fiza nake so, ta gida, tun daga kwaɓin fulawa, ba ta kwali ba. In ta yi, ɗaki naka ne. In ba ta yi ba, ka san ƙofar da ka shigo."

Gogan ya ce, "Ranki ya daɗe, ai da fiza muke karyawa a can."

Tana juya baya ya damƙi hannun Saleh. "Don Allah mece ce fiza? Kifi ce ko tsuntsuwa?"

Saleh ya jawo waya. Wayar nan ta taɓa faɗawa kwata, ba ta magana, kuma komai kore-kore take nunawa. Suka tsuguna a ɗakin gadi suna kallon wani Bature mai tumbi. Ya kwaɓa fulawa, ya wurga ta sama, ya cafe, ya baje, ya barbaɗa wasu abubuwa, ya tura cikin wuta. Da ya fito da ita, ya yanki gefe ya ɗaga, sai ga wasu zare-zare suna bin hannunsa, sun ƙi tsinkewa.

Mutuminka ya daka tsalle. "Tsaya! Mai da baya! Saleh, ka ga abin da na gani?"

"Wallahi yauƙi ne."

"Kuɓewa ce?"

"Haba, kuɓewa ba ta kai nan ba."

"To karkashi ne, kuma ya ji kanwa! Baƙaƙen nan na sama fa?"

Saleh ya ƙura ido. "Daddawa."

"Allahu Akbar. Ashe Turawa ma sun fara wayewa."

Washegari ya shiga kicin da ƙullin karkashi da kanwa da daddawar da Saleh ke miyarsa da su. Hajiya ta jera masa kaya: fulawa, yis, tumatir, da wani farin dunƙule mai sanyi a leda, wato cukun da ta aika aka sayo. Ya sansana. Ya goga a hannu ƙarƙashin famfo.

"Oh, sabulun masu kuɗi ke nan. Ba kumfa, ba ƙamshi." Ya ajiye shi wurin wanke-wanke.

Kwaɓi kam bai ba shi wahala ba. Hannun da ya saba da guduma, ya dinga kirɓar fulawar nan har tebur yana kuka. Sai wurgi. Ya yi bisimilla, ya cilla kwaɓi sama yadda ya ga Bature ya yi, ya tara hannu. Shiru. Ya ɗaga kai, ga shi can manne da silin. Ya jira, ya yi masa magiya, ya ƙi saukowa. Ya sake kwaɓa wani. Wannan karon bai yarda ya sake shi ba, ya danne shi da kwalba ya baje a tire, kaurinsa ya kai yatsa uku.

Ya shafa jajjage. Ya kaɗa karkashi har sai da ya ɗaga ludayi sama da kansa yauƙi bai tsinke ba, sannan ya malala. Ya bi da daddawa, ba rowa. Saleh ya leƙo ya kunna masa oba, wato na'urar gashi, don shi gogan ko kusa da ita ba ya son zuwa. Da tire ya shiga, minti biyu mutuminka ya buɗe, minti biyu ya buɗe, tsoronsa kada wuta ta kashe yauƙi. Can ya ga ba zai iya jurewa ba, ya sauke. Sama ya yi zafi, ciki kuwa luɓus, ka danna yatsa ya shige. Ya ƙara ludayi biyu na karkashi don tsaro.

A falo mata shida sun hallara, kowacce da gwal da turare. Tun zuwansu Hajiya Lubna ke ba su labarin sabon kukunta na hannun 'yan Italiya. Warin daddawa ya riga shi shigowa. Ya dire tire a tsakiyar tebur, ya ja da baya.

Hajiya ta dubi tire, ta dube shi. Ranta ya ɓaci, amma ta riga ta cika baki.

"Malam, wannan wace iri ce?"

"Ta ƙauyen Italiya ce, ranki ya daɗe. Ba a sayar da ita a kanti."

Akwai wata Hajiya Sumayyah a cikinsu, wadda ba a taɓa ambaton wata ƙasa ta ce ba ta je ba. Ta yanka ta ɗaga. Yauƙi ya biyo ta tun daga tire har ɗan kunne.

"Ai na gane ta!" in ji ta. "Irinta muka ci a Milan bara. Wadda ake kawo mana a Abujan nan duk jabu ce."

Shi ke nan! Wa zai yarda a ce shi ne bai je Milan ba? Wata ta ce koren nan ganye ne da ba ya fitowa sai a kan duwatsunsu. Wata ta tsinci daddawa da cokali mai yatsu ta ce zaitun ne da aka tsima shekara uku. Matan da aka yaye su da miyar nan, yau ko ɗaya ba ta san ta ba. Suna ta kokawa da wuƙa da cokali, yauƙi na zillewa, suna ɗaukar hoto. Mutuminka ya fara jin iskar fanka a jikinsa.

Ana cikin haka sai ga Inna, mahaifiyar Hajiya Lubna, wadda aka kawo daga ƙauye ganin likitan ido. Ta fito tana dogara sanda, tana bin hanci.

"Kai, yau wa ya tuna da ni a gidan nan?"

Ta ƙi kujera, ta zauna a kan kafet. Aka ba ta yanka guda. Ta ture cokali, ta wanke hannu, ta gutsura, ta mulmula, ta dangwala, ta kai baki. Nan da nan ta share faranti ta suɗe yatsu.

Hajiya Lubna ta dubi ƙawayenta tana murmushi, ta ɗaga murya. "Inna, yau kin ci abincin Turawa. Fiza ake ce mata. Ga wanda ya yi. Ya kika gani, mu riƙe shi ko mu sallame shi?"

Mutuminka ya saci kallon ƙofar da ya shigo.

Inna ta yi gyatsa ta ce, "Riƙe shi, 'yar nan. Rabona da karkashi irin wannan tun rasuwar kakarki. Sai dai ki tambayar min shi, wane marar mutuncin ne ya zauna a kan tuwon?"