Rasuwar Dafa-Dutse, Tukunyar da Ta Riƙe Mini Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da bai saba da biro ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tukunyarmu ta lantarki, wadda Baba ya raɗa wa suna Dafa-Dutse. Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a wurin aiki sai a wuni ba a ji muryata ba. Na ji tsoron a nuna ni a ce Auta ta zare, tana makokin tukunya. Amma wanda ya yi maka hidima ya tafi ba a yi masa shiru, ko da tangaran ne da igiyar wuta.

Marigayiya ba sabuwa ta zo gidanmu ba. Wata dattijuwa da muke guga tare a gidan wanki ce ta ba ni ita, ranar da ta ajiye aiki za ta koma wajen 'yarta. Jikinta kashi biyu ne: rigar ƙarfe a waje, wadda ake jonawa a bango, da cikin tangaran mai nauyi da ake cirewa a wanke. Murfinta gilashi ne, maɓallinta ɗaya tak. Dattijuwar ta ja mini kunne kan abu ɗaya. Ta ce wannan tukunya ba a yi mata gaggawa, kuma cikin nan nata kada ya taɓa ganin harshen wuta.

Ta same mu a cikin wani hali. A shekarar ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Baba mai walda ne a da, mutum mai ƙarfi da son gasasshiyar kaza. Muna yara yakan dawo da ita a naɗe cikin takarda, yana warin ƙarfe, ya ba kowa tsoka shi ya tsaya a ƙashi. Da ciwon ya zo sai tauna ta gagare shi, haɗiya ma sai da dabara, magana kuwa sai kalma ɗai-ɗai. Duk abin ruwa-ruwa da na kawo masa sai ya juya fuska bango. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Yayana, wanda ke zaune da iyalinsa can ɗaya ƙarshen gari, ya ce ba zai yiwu in haɗa aiki da jinya ba. Ya ce idan Baba ya ci gaba da ramewa zai ɗauke shi ya koma wajensa. Yaya ba mugu ba ne. Amma a ɗakin da Baba yake kwance ne mahaifiyarmu ta yi zamanta har ta rasu, kuma duk lokacin da aka ambaci tashi, sai Baba ya damƙi ƙarfen gadonsa da hannunsa mai lafiya.

Marigayiya ce ta raba wannan gardama.

Da safe kafin in fita nakan shimfiɗa albasa a gindinta, in jera cinyoyin kaza da na cire wa fata. Sai in zuba miyar gashi ta kwalba, irin wadda ake sayarwa a kanti, mai zaƙi-zaƙi da ƙamshin hayaƙi. In ƙara tafarnuwa, da ɗan zuma, da ruwan lemun tsami. Ba a zuba mata ruwa, kazar ce ke ba da nata. In rufe, in murɗa maɓalli zuwa ƙaramin zafi, in yi wa Baba sallama. Maƙwabciyarmu takan leƙa shi da rana. In na dawo da yamma, ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa, sai in tarar nama ya saki ƙashi da kansa. In yayyaga shi sili-sili, in bi da yatsa in tsince duk wani ɗan ƙashi, in haɗa da dankalin da na murƙushe.

Ranar farko da na kai masa, ya shinshina, ya dube ni, ya buɗe baki. Ɗanɗanon gashi ne, amma ba ya neman haƙori. Ya cinye tas, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Da ya gama ya nuna tukunyar da sandarsa, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce Dafa-Dutse. Mai haƙuri ai shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Daga ranar sunan ya bi ta.

Mun shaide ta da halin kirki. Ba ta taɓa ƙona abinci ba. Ba ta taɓa tumbatsa ta ɓata mini tebur ba. Ba ta ƙorafi idan na makara a hanya, sai dai ta riƙe abincin da ɗumi har in iso. Ba mai surutu ba ce. Duk maganarta a duniya ita ce ƙis, ƙis, ƙis na murfi idan tururi ya taru, sai kuma can ba a rasa ba ka ji ɓul daga ƙasan miya. Da wannan 'yar murya ta riƙa taya Baba hira a wunin da babu kowa. Ita ce kuma agogonsa. Idan ƙamshi ya ratso labule ya iso gadonsa, ya san Auta ta kusa, sai ya jawo sanda ya zauna yana fuskantar ƙofa. A hannunta kumatun Baba suka dawo. Yaya ya zo ya gani da idonsa, ya bar maganar tashi.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Jiya da safe lafiya lau na bar ta.

Yaya ya aiko cewa zai zo da yamma shi da matarsa su duba Baba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ji labari, ta zo da rana don ta taya ni gyara gida kada a ga kasawata. Gwaggo mace ce mai zafin nama da tsarkin zuciya, kuma duk rayuwarta abinci a wurinta sai ya tafasa yana tsalle. Ta ɗaga murfi ta ga kaza kwance shiru, ba tafasa ba motsi. Kamar yadda ta gaya mini daga baya, ta ɗauka kazar ba za ta dahu ba. Ta ce baƙi za su zo su tarar da ɗanyen nama, a ce yarinya ta gaza, a ɗauke mata uba. Ta sa tsumma ta ciro cikin tangaran, ta ɗora shi a kan murhun gas, ta sakar masa wuta.

Baba yana hangowa daga gadonsa. Ya san gargaɗin dattijuwar, don a gabansa na sha maimaitawa. Ya yi ta neman kalmar, ta ƙi zuwa. Sai ya kama buga sanda a ƙasa. Gwaggo ta ɗauka yunwa ce ta dame shi, ta ce masa ya yi haƙuri yanzun nan za a sauke, ta ƙara wutar.

Maganar ƙarshe da marigayiya ta yi ita ce tas, sau ɗaya. Ta rabe gida biyu. Miya ta kwarara ta kashe wutar, kazar ta zube cikin ɓaraguzan tangaran, ba mai iya ba wa marar lafiya ita.

Na shigo na tarar da Gwaggo a durƙushe tana goge ƙasa tana kuka, gida ya cika da ƙauri. Ban ajiye jaka ba Yaya ya yi sallama. Kafin zuwanmu Gwaggo ta ba Baba burodi don ya rage yunwa, ya sarƙe shi, ga shi can yana tari idonsa jawur. Yaya bai ɗaga murya ba. Gwaggo ta rantse masa laifinta ne ita kaɗai. Ya ce ba maganar laifi ba ce, ba zai bar ran ubansa a rataye jikin tukunya ɗaya ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Auta, kin yi iya ƙoƙarinki. Haɗa masa kayansa."

Ina da amsa. Tana nan a bakina, har da abin da zan fara da shi. Amma ni tun ina ƙarama idan Yaya ya yi magana ƙasa nake kallo. Na haɗa kayan. Baba ya riƙe bakin ƙofa da hannunsa mai lafiya, Yaya ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ba shi haƙuri.

Bayan tafiyarsu maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya zo ya duba gawar. Ya jujjuya ta, ya ce da ƙarfe ne da an yi mata walda, amma tangaran idan ya tafi ya tafi.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta na gilashi, ko tsagewa bai yi ba. Ta bar rigarta ta ƙarfe, wadda har yanzu idan aka jona sai jar fitilarta ta kama, tana ɗumama iska. Ta bar rabin kwalbar miya a kan kantar madafa. Ta bar Gwaggo, wadda ban riƙe a zuci ba, don ƙauna ce ta sa ta. Ta bar tsoho ɗaya da aka kai ɗakin da bai san ƙamshinsa ba. Ta bar ni.

Game da jana'iza, na wanke ɓarin nan biyu, na naɗe su a tsohon zanen gado, na mayar da su cikin rigarta na rufe. Tana kan teburin da ta saba zama. Ba za a fitar da ita ba sai Baba ya dawo gida, domin shi ne babban mai makoki, shi ya raɗa mata suna. Masu son yin ta'aziyya su dakata tukuna. Kada kowa ya kawo abinci, babu mai ci. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Yau da safe na tashi kamar kullum. Sai da na yanka albasa har rabi sannan na tuna. Ina tsaye da wuƙa a hannu idona ya faɗa kan ƙaramin cokalin Baba a cikin kwando, wanda shi kaɗai ke shiga gefen bakinsa mai motsi. A rikicin jiya na manta ban sa shi a jaka ba.

Ban je aiki ba, abin da ban taɓa yi ba. Na sa cokalin a aljihu na hau mota zuwa gidan Yaya. Na tarar da matarsa tsaye da kwano da babban cokali, ta yi lallashi har ta gaji, Baba ya juya fuska bango. Na karɓi kwanon, na zauna ta hagunsa, na tallafi haɓarsa yadda na saba, na kai masa ƙaramin cokalin baki. Ya karɓa.

Yaya yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo. Ban kalli ƙasa ba.

"Yaya, tukunya ce ke dafawa, amma ni ke tsince ƙashin. Ka tambaye shi inda yake so ya kwana."

Bai tambaya ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ɗauki makullinsa ya fita. Na roƙi matarsa biro da takarda, ta ba ni ba tare da ta tambayi na mene ne ba. A gefen gadon Baba nake rubuta wannan, hannunsa na riƙe da bakin mayafina. Nan Yaya zai dawo ya same ni.