Ranar da na juya wa guguwa baya a Mukattam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutsen Mukattam da ke Alƙahira farautar guguwa ba.

Tun ina yaro hadari ke burge ni. Kakana, Baba Tsoho, manomi ne da zai dubi sama ya ce a kwashe shanya, kafin a gama ruwa ya sauko. Shi ya koya mini cewa hadari daga gabas yake tasowa, ko da yake kullum cewa yake ban da biyan karatu ba abin da na iya. Da na zo Alƙahira sai na ƙara da kallon bidiyon Turawan nan masu bin guguwa da mota, har 'yan ɗakinmu suka laƙaba mini Sarkin Hadari (tsokana ce, amma ni na ɗauke ta sarauta).

Rannan aka yi sanarwa cewa iska mai ƙarfi na tafe bayan azahar, kowa ya zauna a gida. Na ce yau Baba Tsoho zai san jikansa ya gaje shi. Na shiga mota sai kan dutse.

Mutanen da na tarar duk yamma suke kallo, inda gari yake. Ni kuwa gwani na juya musu baya, na fuskanci gabas. Wani dattijo mai shayi yana ta tattara kujerunsa ya ce, "Ya shaikh, can ba komai, dawo nan." Na ce masa ma'alish, wato ba komai, a raina ina tausayinsa. Me mutumin garin da ba damina ya sani game da hadari?

Na kira ƙanwata ta bidiyo, ta miƙa wa Baba Tsoho wayar, gida ya taru. Fuskata ta cika allon wayar ina ta zuba bayani, gabas kuwa fes, ko ɗigon gajimare babu. Tsoho ya matso da ido ya ce, "Kai, wace katanga ce waccan a bayanka?"

Na ce gine-gine ne, Baba.

"Gini na tafiya a garinku? Waiwaya, ɗan nema!"

Na waiwaya. Subhanallah! Jan bango ne na rairayi daga ƙasa har sama, yana tahowa a natse, ba ya gaggawa. Ya riga ya haɗiye kogin Nilu, yana cinye hasumiyoyin masallatai ɗaya bayan ɗaya. Rana ta koma kamar tsohuwar kwandala. Garin da ba ya rabo da hon ya yi tsit. Wallahi ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta lokacin ba, na tsaya baki buɗe, hawaye na zuba ban san dalili ba.

Sai iskar ta iso. Sarkin Hadari ya yar da takalmi ɗaya ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi. Kiran kuwa ban katse ba, gidanmu kaf suka ji ina "Wayyo Inna!" (Innar ma tana wurin).

Da ƙura ta lafa, muryar Baba Tsoho ta fito daga aljihuna, yana dariya har da tari: "Gabas ɗin gonata na nuna maka, yaro. Kowane gari da ƙofar da iskarsa ke shigowa."

Mai shayi ya miƙo mini kofi da wani irin kallo, wanda ya fi zagi ciwo.

Yanzu ko layin burodi na tarar, inda 'yan gari suka fuskanta nan nake fuskanta, tambaya sai daga baya.